Ɓarawon Da Ya Nemi Izinin Shinkafa

Da hantsi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na gindin dutse, ƙafafunta duk laka. Sunanta Entin, daga ƙauyen Cilangkob. Ta ce an kwashe shinkafar rumbun mahaifiyarta, Nini Arsih, kuma mutanen gari sun ɗora wa mijinta Tarmin laifin. Dattijon ƙauyen, Abah Juhro, har ya yanke hukunci: kafin Juma'a Tarmin ya tattara nasa-ya-nasa ya bar musu gari.

Sufeto Engkos Rukmana ya tambaye ta ko akwai wanda ya gan shi. Ta ce yayanta Aceng ne ya rantse ya ga babur ɗin Tarmin yana sauka da buhuna.

"Mijina ɗan acaba ne, Yallaɓai. Wace rana ce ba ya sauka da buhuna? Laifinsa ɗaya, ba a nan aka haife shi ba."

Sufeto ɗan waɗannan duwatsu ne, ya san halin mutanensa. Za su aurar maka da 'yarsu, su ci a gidanka, ka kai majinyacinsu asibiti cikin ruwan sama, amma ranar da kaza ta ɓace kai ne baƙo. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Ya ɗauki hularsa, ya kira kofur ɗinsa, suka hau dutse.

Rumbun yana bayan gidan tsohuwar, a kan ƙafafun katako, da ƙaramar ƙofa can sama. A Cilangkob ba a sayar da shinkafa, ba a kai ta inji. A turmi ake surfa ta, abin da ya ragu a jibge shi dami-dami, shekara a kan shekara. Nini Arsih ta ce a ƙasan nata akwai damin da marigayi mijinta ya yanka da hannunsa. Shekaranjiya ta hau ne ta ciro na gudummawar bikin maƙwabta, hannunta ya nutse cikin bambaro.

Sufeto ya cire takalmi ya hau tsani. An bar dammuna a sama don rufe ido, ƙasa kuwa tarkace ne zalla. A tsakiya ya ga uwar shinkafa, damin nan biyu da ake naɗewa da farin ƙyalle, tana zaune daidai wurinta. Ƙurar da ke ƙarƙashinta ta nuna an ɗaga ta, an gama ɓarna, an mayar da ita a hankali. A jikin ƙofa kuma akwai feshin saiwar nan mai kama da citta, wadda ake taunawa a fesa don neman izini kafin a taɓa shinkafa. Ko kalar feshin ba ta dushe ba.

"Nini, yaushe rabonki da buɗe ƙofar nan kafin shekaranjiya?"

"Tun girbi, ɗan nan. Shekaranjiya ma haƙorana ba su bar ni na tauna ba, da baki kawai na roƙa."

"Tarmin ya san yadda ake yi?"

Tsohuwar ta yamutsa fuska. Ta ce wa zai koya wa mutumin bakin teku wannan? Ko tsanin ba a taɓa bari ya taka ba.

Aceng yana tsaye a gindin tsani, ya harɗe hannuwa, ya fi kowa zafi. Ya sake rantsewa cewa ya ga buhunan ranar gayyar gyaran magudanar ruwa, lokacin da gari ya watse zuwa gonaki. Sufeto ya tambaye shi yadda aka yi ya gani, tunda kowa yana wurin gayya. Ya ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi a gida ranar. Sufeto ya yi masa sannu da jiki.

Ya tarar da Tarmin a ƙofar gidansa yana ɗaure tabarma da tukwane a bayan babur. Mutumin bai yi dogon bayani ba. Ya ce rogo ne a buhunan, na mutum uku, amma a cikinsu ba wanda ya yarda ya buɗe baki a gaban Abah. Sufeto ya ce ya dakata da ɗaurin. Tarmin ya ce to, amma bai kwance igiyar ba.

Washegari Sufeto ya bi titin ƙasa yana leƙa injinan casar shinkafa. A bayan na Mang Ocin ya tsaya. Cikin tulin ƙaiƙayi akwai mai dogon gemu, irin da ba ya fitowa sai a gonakin tudu. Mang Ocin ya fara kame-kame, wai daga nesa aka kawo masa, wai bai riƙe fuska ba. Sufeto ya ce ba komai, sai su ƙarasa maganar a ofis, a rufe injin kafin ya tuna.

Nan take ya tuna.

"Wani ne ya riƙa kawowa a kafaɗa, ta hanyar cikin gora. Amma wallahi, Yallaɓai, ban taɓa ciniki irin nasa ba. Ba ya yarda in kunna inji sai ya tafi. Na miƙa masa kuɗi ya ja da baya kamar na miƙa masa garwashi. Ya ce shi bai sayar ba, ajiya ya kawo, ni in kai wa Bu Yoyoh kuɗin da kaina."

Bu Yoyoh dillaliya ce mai tura samari aikin jirgin kamun kifi a ƙasar waje. Da farko ta ce ba ta san wani mai inji ba. Da ta ji an ambaci kayan sata da kotu, sai ta gyara zama. Ta ce yaron da mai injin yake biya wa kuɗin tafiya daga Cilangkob yake, fasfonsa ya fito, wata mai kamawa zai tashi. Ta faɗi sunansa ba tare da an sake tambaya ba.

Sufeto ya fito ransa a ɓace. Satar ba ita ta fi ƙona shi ba, ya ga sata iri-iri. Mutum ya ji tsoron shinkafa har ya nemi izininta, ya kare hannunsa daga taɓa kuɗinta, amma bai ji tsoron raba ƙanwarsa da mijinta ba.

Ranar Alhamis da la'asar ya sa Abah Juhro ya tara mutane a gaban rumbun. Ya zayyana musu komai tiryan-tiryan: uwar shinkafar da aka mayar, feshin ƙofa, mai injin, dillaliyar. Sannan ya juya.

"Aceng, zazzaɓin ya sauka?"

Aceng ya kalli uwarsa, ya durƙushe.

"Ni ne. Me zan zauna in yi a nan, Abah? Gonar babanmu in aka raba ta, rabona bai kai in juya baunar huɗa a ciki ba. Shinkafa tana tsufa a rumbu, ni ma ina tsufa a gindinta. Na ce in na je na samu, zan mayar."

"Tarmin fa?" in ji Sufeto.

"Na ga shi yana da garinsu. In an kore shi yana da wurin zuwa."

Kofur ya sa masa ankwa. Sai wuri ya rikice. Mata suka hau kuka, maza suka kewaye Sufeto suna ba shi baki: yaro ne, kuskure ne, ɗanmu ne, a bar mu mu gyara a gida. Abah Juhro da kansa, wanda bai ɗauki rabin yini ba wajen korar Tarmin, ya riƙe hannun Sufeto yana cewa a bi a hankali, kada a yi gaggawa. Sufeto ya zare hannunsa. Ya ce ƙarar tana gaban hukuma, kuma a gabanta za ta ƙare.

Gari kaf ya bi su da rakiya har bakin hanya. Hanyar ta ƙofar Tarmin ta bi. Yana tsaye kusa da babur, Entin a bayansa da goyo.

"Yallaɓai, in sauke kayan?"

"Ga waɗanda suka sa ka ɗaure nan. Tambaye su."

Tarmin ya dubi Abah, ya dubi surukarsa, ya dubi mutum ukun da ya kai wa rogo kasuwa. Suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, idonsu a kan Aceng, wata tana cusa masa ƙunshin abinci a aljihu.

Ya jira har na ƙarshensu ya sha kwana. Sannan ya sa ƙafa a jikin kayan, ya ƙara jan igiyar, ya tamke ɗaurin.