Kwallin Iya Tabawa

A wani gari can, an yi wata budurwa, Hansatu, mai nema wa ƙungiyar taimakon tsofaffi gudummawa ta intanet. Wata damina ruwa ya rushe ɗakin wata tsohuwa, Iya Tabawa, sai Hansatu ta je ɗaukar ta a waya.

Ƙawarta da ta rako ta ta raɗa mata, "Ki ce ta sa tsumma ta yi kuka. Kuka ke buɗe aljihu."

Iya ta ce, "'Yar nan, ni ba a ɗaukata hoto ba kwalli!"

Ƙawar ta sake cewa, "Kuka ke buɗe aljihu."

Hansatu ta miƙa wa Iya madubi.

Iya ta rangaɗa kwalli, ta kashe ɗauri, ta tsaya gaban rusasshen ɗakin tana dariya. Ta ce, "Ina mazajena? Ga amaryarku ruwa na dukanta!"

Hansatu ta ɗora bidiyon a intanet. Samari ko'ina suka gani, kowa ya tuna yadda yake tsokanar kakarsa. Wannan ya rubuto, "Matata ce!" Wancan ya ce, "Ƙarya ne, tawa ce!" Suna gardama suna turo gudummawa.

Ranar da aka gama rufi, Iya ta leƙa ciki ta ce, "Hansatu, gaya wa mazan nan ɗaki ya yi. Saura cefane."