Takalmin da Aka Sa wa Kaka

"Rory, tsaya. Na ce ka tsaya!"

Tessa ta cafko hannun kwat ɗinsa a gindin matakala, daidai lokacin da aka fito hutun rabin wasa. Mutanen birnin Adelaide sun cika zauren da ranar Asabar ɗin nan, ana ta yabon sabuwar rawar bale, irin ta Turawa mai ba da labari da motsin jiki, da Rory ya shirya kan rayuwar marigayi Ambrose Merrigan, mai tsara kiɗan da garin ke tinƙaho da shi. Ambrose kakan Tessa ne. Rory kuwa saura wata biyu ya zama mijinta.

"Masoyiyata, rage murya, 'yan jarida na nan..."

"Su ji mana. Wa ya ba ka izinin saka matar nan da kakana ya ɓoye a wasanka?"

"Tarihi ne, Tess."

"Tarihin gidan uban wa? Wasiƙunsu da Kaka ta adana ne na karanta maka a ɓoye, don ka san irin gidan da za ka shiga. Ka rantse mini ba za su wuce mu biyu ba."

"Ban kama sunan kowa ba. A bale ai ba a magana."

Nan ranta ya ƙara ɓaci, don ya fi kowa sanin aikin takalmi a wannan sana'a. Budurwar da Ambrose ya ɓoye shekara goma sha ɗaya, Rory ya ɗora ta kan tsinin yatsu cikin takalmin siliki, tana shawagi son ranta. Matar aure kuwa ya ƙaƙaba mata baƙin takalmi mai dunduniya, irin na masu fitowa a tsohuwa ko 'yar aiki. Duk mai zuwa kallon bale ya gane wacce aka so da wacce aka yi maneji da ita.

Kuma matar auren, Winifred, wato Kaka, tana zaune a layin gaba da shekarunta tamanin da huɗu. Ita ta raini Tessa tun rasuwar uwarta. Kafin aure shekara tara ta yi tana rawa a kan yatsun nan, ta ajiye saboda Ambrose.

"Ko takalminta ba ka bar mata ba," in ji Tessa. "Abu ɗaya nake roƙonka. In an gama, kada ka nuna ta, kada ka sa a haska ta."

"Haba abar ƙaunata, karramawa ce fa. Mun riga mun shirya da mai fitila..."

Ƙararrawar komawa ta kaɗa. Ya kai baki zai sumbaci goshinta, ta kauce.

Ta tarar da Kaka zaune cak, baya a miƙe, tana shan askirim da ɗan cokali.

"Kin daɗe. Angon ne ya riƙe ki?"

"Kaka, mu tafi gida. Kaina ke ciwo."

"Ƙarya ba ta karɓe ki ba, 'yar nan. Shekara arba'in na zauna da mutumin nan, minti arba'in ba zai kashe ni ba. Zauna."

Tessa ba ta san me aka yi a rabi na biyu ba, haushi ya rufe mata ido. Da labule ya sauka zauren ya miƙe da tafi. Rory ya fito rungume da furanni, baki har kunne, ya miƙa hannu wajen layin gaba. Fitila ta sauka a kan Kaka, idon kowa ya biyo.

"Kama ni in tashi," ta ce a hankali.

Ta juya ga jama'a, ta ja ƙafa ɗaya baya, ta rusuna irin rusunawar da ta koya tun tana 'yar shekara takwas. Zauren ya ruɗe da tafi. Tessa kaɗai ta ji yadda tsohuwar ta sakar mata nauyinta duka.

A wajen ajiye motoci Rory ya cim musu da gudu, ya miƙo furannin.

"Kin gani ko? Sun so ta!"

Tessa ta zare zoben baikon da ya sa mata, ta jefa cikin furannin.

"Je ka auri masu tafin."

Sun wuce danja biyu kafin Kaka ta yi magana, idonta a kan titi.

"Yarinyar da ta fito a ni, ƙafarta ta hagu ba ƙwari." Ta gyara zama. "Wasiƙun nan ko uwarki ban nuna wa ba. Ta mutu tana ganin ubanta waliyyi. Ke kaɗai na buɗe wa akwatin."

"Kaka, ki yafe mini... ai kin ga na rabu da shi."

"Wannan tsakaninku ne. Shi ba jinina ba ne, bai yi mini alkawarin komai ba."

A ƙofar gida Kaka ta miƙo tafin hannunta. Tessa ta riƙe shi da sauri, hawaye na zuba, ta ɗauka an huce.

Tsohuwar ta zare hannunta, ta sake miƙowa.

"Makullin gidana da ke wurinki nake so."