Sai Ta Fita Da Ƙafarta

"Wa kika ba wa makullin garejin nan?"

Yaimara ta yi turus a bakin ƙofa, gahawar da ta kawo wa mahaifinta tana neman zubewa a hannunta. Baba Evelio na tsaye gaban tsohuwar motar Chevrolet, ya ɗaga murfin inji da hannu ɗaya.

"Baba..."

"Zo ki leƙa!"

Ta matso ta leƙa. A saman injin, inda kabureta take zaune shekara da shekaru, rami ne baƙi an cusa masa tsumma.

Ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Ni dai ban so na yi magana ba," in ji Osmany, wani abokin harkar motocin Baba da ya daɗe yana neman Yaimara, wanda ke jingine da bango yana kaɗa makullan motocinsa biyar a yatsa. "Amma Baba Evelio uba ne a wurina. Ga shi nan a wayata, shekaranjiya da rana tsaka. Kalli saurayin naki."

Hoton bai bar wurin musu ba. Reinier ne, ya tura rabin jikinsa cikin motar, sifana a hannu.

"Ni na ba shi makulli," ta faɗa. "Cewa ya yi zai auna ɗakin, ya ga ko gado zai shiga..."

"Gado!" Baba Evelio ya saki murfin ya rufe da ƙara. "Ya auna gado a cikin cikin uwarki?"

Duk garin Cárdenas an san motar nan. Nereida ce, sunan marigayiya mahaifiyar Yaimara take amsawa, don ita ta gaje ta a wurin ubanta, ita ce kuma ke tuƙa ta. Shekarar da matar ta rasu injin ya tsage, tun daga nan motar ke kan bulo huɗu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kowa ya ce ya sa mata injin gas kamar yadda duniya ke yi, ya ce a'a, muryarta za ta sake. Sai dai inji irin nata, na shekararta. Ya kuma yi rantsuwa a gaban 'yan ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci cewa ba za a ja ta ba, ba za a tura ta ba, in za ta bar garejin nan sai ta fita da ƙafarta.

Rantsuwar nan ce ta tsaya wa Yaimara a maƙogwaro. Gidansu ɗaki biyu ne, ɗaya na Baba, ɗaya ita da gwaggonta. Su Reinier kuwa su bakwai ne a ɗaki biyu. Garejin nan kaɗai ne wurin da za a shafe da fenti a kira shi ɗakin amarya, ga shi mota matacciya ta kwanta a ciki ta miƙe ƙafa. Shekara uku ana baiko, ana jiran tsoho ya sauko. Shi kuwa maganarsa ɗaya ce: motocinsa uku, Ford ta haya, 'yar ƙaramar ta zuwa kasuwa, da Nereida, uku zai mutu ya bari.

"Ki yi tunani mana, Yaimara," Osmany ya ce a hankali, kamar mai tausayi. "Motar Reinier da wannan shekararsu ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. A garin nan in mota ta mutu me ake yi da ita? Cinye ta ake yi, noti bayan noti. Kin taɓa tambayar kanki me ya fara kawo shi gidan nan?"

Ta dire gahawar ta ja kekenta ta fita.

Tun daga kan kwana ta ji ƙugin injin. Reinier na ƙarƙashin bishiyar mangwaron ƙofar gidansu, ya sunkuya cikin koriyar motarsa, wadda yake ɗaukar baƙi 'yan yawon buɗe ido da ita zuwa bakin ruwan Varadero, wadda ke ci da shi da uwarsa. Ya ɗago yana murmushi, baƙin mai har goshi.

"Rabin raina! Ke ce da ranar nan?"

"Matsa."

"Yaimara, tsaya..."

Ta ture shi ta leƙa. Ga kaburetar nan a zaune daram a kan injinsa tana aiki. Ba ta buƙatar kowa ya gaya mata, don a jikin wani ɗan noti akwai ɗigon jan farce, wanda mahaifiyarta ta ɗiga da hannunta don kada makanikai su musanya mata.

Idanunta suka kawo ruwa.

"Ta mamata ce."

"E, tata ce."

"Ko musu ba za ka yi ba?"

"Ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba kuma yau zan fara ba."

"To gaya mini dalili!"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya daɗe yana gogewa. "In na gaya miki za ki hana ni. In kuma abin bai yiwu ba, na sa wa tsoho rai a banza. Ki ba ni zuwa Asabar, masoyiyata. Kwana uku kawai."

"Kwana uku ka ƙarasa cinye ta? Gobe fitila, jibi sitiyari?"

"Haka kika ɗauke ni?"

"Ni kake so ko kayan gyara, Reinier?"

Fuskarsa ta canza kamar ta mare shi. Ita ma ta ji zafin maganar a bakinta, amma zuciya ta riga ta ɗebe ta. Ta zare zoben baikon ta ajiye a kan gefen motar, wadda ke rawa saboda injin na kunne. Zoben ya fara gangarawa, ya tare shi da tafin hannu.

"Asabar," ya ce, bai ɗago ba.

Kwana ukun nan Yaimara ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Tana son shi, abin da ya fi ci mata rai ke nan, tana son ɓarawon kayan uwarta kamar ta mutu. Osmany kuwa ya mai da gidan wurin zuwa. Kullum da wata motar daban yake fakawa, ya zauna da Baba a baranda ana cin shinkafa da baƙin wake, ana tsohuwar gardamar 'yan ƙungiya.

"Mai mota ɗaya ai ba mai mota ba ne, Baba," yake cewa da ƙarfi don ta ji daga kicin. "Ranar da ta yi tari ya koma ɗan ƙafa. Ni biyar gare ni, garejina kuma zai ɗauki takwas. Wadda duk ta aure ni ba za ta yi rigimar ɗaki da mota ba."

"Uku sun ishi mutum," in ji Baba.

"To ka ba ni Nereida na kai ta wurina, ta huta da ɓarayi."

Baba bai ce e ba, amma bai ce a'a ba. Yaimara ta ji cokalin hannunta ya yi mata nauyi.

Ranar Asabar da hantsi tana shanya a tsakar gida ta ji takun doki ya tsaya a ƙofarsu. Keken doki ba abin kallo ba ne a Cárdenas, amma sai ta ji unguwa ta yi tsit. Ta leƙo.

Reinier ne a ƙafa, yana tafe gefen keken. A bayan keken an ɗaure wani abu mai nauyi da igiya an rufe da tamfol, ga tayoyi huɗu masu farin gefe a jingine.

Ta san tayoyin nan.

"Ina motarka?" ta tambaya, tun kafin ya yi sallama.

Ya kwance igiya ya yaye tamfol.

Inji ne, an wanke shi tas yana sheƙi, da kaburetar mai ɗigon jan farce a samansa.

Yaimara ta dafe ƙofa.

Baba Evelio ya fito da singileti, Osmany na biye da shi.

"Baba," Reinier ya ce, ya cire hularsa. "Na yi laifi, na taɓa Nereida ban nemi izini ba. Kaburetarta ta shekara goma sha ɗaya ba ta sha mai ba, sai an wanke ta an saita ta a kan inji mai rai. Na so in ta tashi, ta tashi da muryarta. Ga injin. Shekararsu ɗaya, ba a taɓa taɓa cikinsa da kayan wata mota ba."

"Taka motar fa?" Baba ya tambaya.

"Tana kan bulo."

"Ka haukace?" Yaimara ta yi kansa. "Da me za ka ci? Da me za ka ci da mamarka?"

"Kin ga abin da ya sa ban gaya miki ba? Hannu biyu gare ni, aikin gareji ba ya ƙarewa a garin nan. Ke kuwa ɗaya ce."

Osmany ya bushe da dariya. "Kai, amma an yi wawa! Ka kashe mota mai rai saboda gawa? Baba, kada ka biye masa. Ka ba ni ita, mako biyu na sa mata injin gas, a yanke rufin nan a yi mata fenti ruwan hoda, baƙi su riƙa rububinta..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga irin kallon da tsoho ke yi masa.

"A yanke wa?"

"Rufin kawai nake nufi..."

"Ɗauke motarka daga ƙofar garejina," in ji Baba Evelio. "Ka tare hanya."

Sai da Osmany ya ja motarsa ya ɓace sannan tsoho ya juyo kan Reinier. Fuskarsa ba ta saki ba ko kaɗan.

"Ban ce na yafe ba. Ka sa shi. In ta tashi, ta tashi. In ba ta tashi ba, ka kwashe ƙarfenka, kada na ƙara ganin ƙafarka a layin nan."

Kwana biyu aka yi ana fama. Aka rataya sarƙa a ƙarfen rufi, maƙwabta suka kama aka zare mataccen injin aka zura mai rai. Ranar farko Baba na zaune a kujera ya harɗe hannu. Rana ta biyu sai ga shi da sifana yana faɗa.

"Ba haka ake ɗaure shi ba, ɗan nan! Ba ni nan!"

Yaimara na kai gahawa tana dawowa, ita da Reinier ba mai ce wa wani uffan. Sau ɗaya yatsunsu suka haɗu a jikin kofi, ta ga duk ya yayyanke, ta koma kicin ta sha kukanta.

Litinin da yamma aka sauke Nereida daga kan bulo, tayoyinta suka taɓa ƙasa. Rabin unguwa na tsaye a titi. Baba Evelio ya shiga ya zauna a kujerar da matarsa ke zama, ya sa makulli.

Ya murɗa. Injin ya yi gurnani ya mutu.

Ya sake murɗawa. Tari biyu, shiru.

Yaimara ta matso kusa. Ba ta san lokacin da ta damƙi hannun Reinier ba.

"Baba," ta ce, "Mama takan taka mai sau biyu tukuna. Sannan ta shafa sitiyari."

Tsoho ya dube ta. Ya taka sau biyu. Ya ɗora tafinsa a kan sitiyarin ya shafa a hankali, bakinsa na motsi. Ya murɗa.

Nereida ta tashi.

Wani ƙugi mai kauri ya cika garejin, irin wanda Yaimara ke ji tun tana 'yar makaranta ta san mama ta dawo. Unguwa ta ɗauki ihu da tafi. Baba Evelio kuwa ya kifa goshinsa a kan sitiyari, kafaɗunsa na girgiza, ba wanda ya yi yunƙurin hana shi. Can ya share fuska da singiletinsa, ya sa giya, motar ta silalo waje da ƙafarta.

Garejin ya zama fili. Ba komai sai tabon baƙin mai da bulo huɗu.

"Ka yafe mini," Yaimara ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Maganar da na faɗa maka..."

"Ta yi zafi."

"Na sani."

Ya laluba aljihu ya fito da zoben, duk ya yi baƙi da mai. Ta miƙa yatsa ya zura mata a haka.

"Kai!" Baba ya ƙwala kira daga titi, ya leƙo da kai ta taga. "Mota nawa gare ka yanzu?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Ni kuwa uku, har yanzu uku! Sai dai gwiwata ba ta iya tuƙa mota biyu a rana. Gobe ka zo ka ɗauki makullin Ford ka fita haya, ba zan aurar da 'yata ga mai zaman banza ba."

Bayan wata biyu Nereida ta zaga da amarya gari, Baba Evelio a sitiyari yana danna hon tun daga coci har bakin ruwa. Da aka shigo da gado garejin, sai aka ga ƙasan na tsatsafo da damshi, ƙafafun katako ba za su jure ba. Reinier ya fara waige-waigen abin da za a yi.

Tsoho ya fita. Ya dawo da bulon nan huɗu, ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya jera su da hannunsa.

"Sun riƙe uwarta shekara goma sha ɗaya," ya ce. "Ku ɗora."