Mai Gadin Ƙwai a Tsohuwar Masussuka

Bayan la'asar matata Tuda ta ce kifi take so. Ba kowane kifi ba, bas, mai wagegen bakin nan na tafkinmu, a gasa mata shi da gishiri da lemon tsami. Ta faɗa tana kallon bango, hannunta a kan ciki.

Wannan ne cikinta na uku. Biyun farko a cikin tawul na kai su maƙabarta, ko kuka ba su yi ba. Tun daga na biyun wani abu ya mutu a jikina. Ina cin abinci, ina ɗaukar baƙi daga Kasablanka a kwalekwale su yi kamun kifi, in sun yi dariya in taya su, amma ba na jin komai. Ranar da Tuda ta ce ta sake samu, "to" kawai na ce, na ci gaba da shan shayina.

"An rufe kamu," na ce mata. "Ƙwai suke yi yanzu."

Imma, mahaifiyata, ta ɗago daga murhu. "Ji shi, sarkin bin doka! Mai ciki ta yi kwaɗayi ka tsaya kana kawo mana hukuma? So kake a haifo mini jika da hoton kifi a goshi? Tashi, Bassu, kafin in tashe ka da muciya."

A wurinmu ba a wasa da kwaɗayin mai ciki. Abin da ta so ba ta samu ba, a fatar jariri yake fitowa. Na ɗauki sandar kamu na sauka gangare. Ƙullin gishirin da Imma ta miƙo mini in sa a aljihu don tsarin aljannu, a kan dakali na bar shi.

Lokacin ƙanƙarar duwatsu ta fara narkewa, ruwan gefe ya yi ɗumi. A irin wannan lokaci bas kan baro zurfi ya hau tudu. Namijin ya share tsakuwa da wutsiya, macen ta zuba ƙwai ta yi gaba abinta, shi kuma ya tsaya gadi, ba ci ba hutu. Kama shi a lokacin ba gwaninta ba ce. Duk abin da ka jefa masa a gida zai ɗauka, don kawai ya fitar da shi. Shi ya sa ko da babu doka, dattawanmu ba sa taɓa mai gadi.

Fari ya janye tafkin sosai a shekarar. Ƙauyen kakanninmu da ruwa ya cinye lokacin da aka gina madatsa ya fara leƙowa, guntayen katangu sun yi baƙi da laka. Can na nufa a kwalekwalena. Na san akwai tsohuwar masussuka, da'irar duwatsu shimfiɗaɗɗu, ruwan kanta bai wuce ƙugu ba.

Na same shi a tsakiyarta. Babba ne, ya tsaya cak a kan ƙwansa yana yi musu fifita da fiffike. Rana ta faɗa bayan dutse. Daga ƙetare na ji an fara kiran magariba, siriri, iska tana yanka shi.

Na jefa masa tsutsar roba. Ya ɗauka. Na fizga.

Bai yi wani dogon faɗa ba, yunwa ta riga ta cinye shi. Na jawo shi jikin kwalekwale, na sa babban yatsana a bakinsa, na kama leɓensa na ƙasa na ɗaga, yadda kowane mai kamun bas yake yi. In ka riƙe shi haka sandarewa yake yi. Ina kallo ƙananan kifaye suka fito daga ramukan duwatsu, suka yi caa a kan ƙwan.

Sai kwaɗi suka yi shiru. Duka, lokaci ɗaya.

Kiran salla ya yanke a tsakiya.

Ƙamshi ya taso. Hayaƙin itace, da gurasar sha'ir mai zafi. Babu gida ko ɗaya kusa da wurin. Daga ƙarƙashin ruwa yake fitowa.

"Ɗan gidan Ait Haddu."

Raɗa ce, amma kamar a cikin kunnena.

Tana zaune a kan guntuwar katanga, ƙafafunta a ruwa. Mace ce, da farin mayafin ulu irin na matan da, sharkaf, yana ɗiga. Fuskarta ban gani ba. Duk lokacin da na kai ido wurin, sai idon ya zame.

Hannunta na gani. Ta ɗaga shi daidai yadda na ɗaga nawa. Babban yatsanta yana cikin bakin wani abu, ta kama leɓensa na ƙasa, yana reto.

Ƙarami ne, ja, jiƙe. Yana da hannaye. Yana harba ƙafafu a hankali.

Ya kamata in yi ihu. Ban yi ba. Na tsaya ina kallo kamar abin da ke faruwa da wani.

"Kyakkyawa ce," ta ce. "Mace."

Sai ta ƙara da cewa:

"Ni ma yau na yi kwaɗayi."

"Lalla," na ce, yadda muke kiran mace mai girma. "Ban sani ba naki ne."

"Ka sani. Riƙe naka, in riƙe nawa."

Na dubi kifin. Ya haɗiye ƙugiyar, ta shige can cikin maƙogwaro. Na zura yatsu ina lalube. Yatsun sun daskare, kamar na aro. Jini ya gangaro mini a hannu.

Kifin ya daina motsi.

Na ɗago. Ƙafafun ma sun daina harbawa.

Na murɗa ƙugiyar. Ta ƙi. Na sake murɗawa. Ta fito, ta huda mini yatsa, ban ji zafi ba.

Na tsunduma shi a ruwa, ban saki leɓen ba. In kifi ya galabaita ba a jefar da shi, tura shi ake yi gaba a hankali, ruwa ya ratsa ta bakinsa. Na tura. Ya kife a gefe, farin cikinsa a sama. Na juyo da shi. Na sake turawa.

Na ji tana matsowa. Ba ƙarar taku, ruwan ne kawai yake tasowa a jikin kwalekwalen.

Ƙamshin gurasar ya koma warin laka.

Numfashi mai sanyi a wuyana.

Na rufe ido. Na tura.

Wani abu ya motsa a ƙarƙashin yatsana. Ya sake motsawa. Kifin ya bugi hannuna da wutsiya, ya fizge, ya koma kan masussukar, ƙananan suka watse.

Bayana na ji an sa wani abu a ruwa. A hankali. Cuɓul.

Sai kwalekwalen ya fara nutsewa ta baya, kamar an dafa shi da hannu biyu. Na yi bisimilla na dira a ruwa. Laka ta riƙe mini takalmi, na bar mata. Na yi ta jan jiki har na taɓa busasshiyar ƙasa. Ban waiwaya ba. Kwaɗi suka ci gaba da kuka.

A gida na tarar da mata sun cika ɗaki. Imma ta tare ni a ƙofa, babu ko tsokana ɗaya a bakinta. Ta ce ana kiran magariba Tuda ta faɗi, cikin ya yi tsit kamar na waɗancan biyun, har an fara salati. Sai ɗazun nan ya harba. Ba ta tambaye ni kifi ba, ba ta tambaye ni takalmi ba.

Kwalekwalen ba a sake ganinsa ba. Ni ma ban nema ba. Yanzu a gonar zaitun ta kawuna nake aiki, kuma ba na bin hanyar gangare bayan la'asar.

Da girbin sha'ir aka haifi Itto, da ranta, da kukanta. Ranar suna Imma ta kira ni ɗaki, ta jawo leɓen jaririyar na ƙasa ta nuna mini. A ciki akwai wani tabo shuɗi, mai zane-zane sirara.

"Ka ga abin da na gaya maka? Ka hana uwa kifi, ga ɓawonsa nan a bakin 'ya."

Na ce haka ne, Imma.

Da ta fita na ɗauki Itto, na ɗora babban yatsana a kan tabon. Zanen yatsa ne, babu shakka. Amma ya fi nawa tsawo, ya fi nawa siranta.

Ta kama yatsan ta fara tsotsa. A nan ne tsoron da ban ji a tafki ba ya iso ni gaba ɗaya, na zauna a ƙasa da ita a ƙirjina, ina ta kuka.