Shuka a Gonar Ɗangana

Nasiba ta tsaya bakin sabon ɗakin, hannu ɗaya a ƙugu, tana kallon yaɓen da bai gama bushewa ba. Ɗakin ya yi kyau, wannan ba ta musa ba. An yi masa daɓe, an sa ƙofar kwano, har da ƴar taga. Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne inda aka gina shi: ƙarshen layin yamma, jikin ɗakin Biba, matar yayan mijinta. Duk garin Babankatami an san layin nan. Ba macen da ke cikinsa sai wadda mijinta ke Abijan ko Libiya.

A tsakar gida surukarta, Inna Lantana, na dakan yaji tana ta murna. Ita ta ba ta labarin, ba tare da ta ajiye taɓarya ba. Wai babban ɗanta na Abijan ya kira, ya samar wa ƙanensa Munir wuri a magazan, wato babban shago, na wani mutumin yankinsu na Adar mai sayar da shinkafa. Da an gama shuka zai hau mota. Yajin nan ma na guzurinsa ne. Ita kuwa amarya ga ɗakinta nan, ta zauna cikin ƴan uwanta mata, in haihuwa ta tashi a gari ga ungozoma a gida.

Nasiba ta san in ta buɗe baki ba alheri zai fito ba. Ta juya ta nufi bayan rumbuna, inda Munir ke tsince irin gero a kan tabarma.

A Tawa suka haɗu, tana karatun ungozoma, shi kuma ya zo gwajin aiki daga makarantar aikin gona. Tun ranar da ya fara yi mata maganar aure ta gindaya masa sharaɗi guda. Mahaifinta ɗan Abijan ne. Tana ƙarama in ya zo gida ɓuya take bayan zanen uwarta, sai an yi ta lallashi kafin ta karɓi biskit a hannunsa. A can ya rasu, ta waya aka faɗa masu, har yau ba ta san inda kabarinsa yake ba. Ta ce ita ba za ta haifi ɗan da zai san ubansa ta salula ba. Munir ya rantse mata cewa duk inda za su zauna, rufi ɗaya ne zai rufe su. Allah kuma ya taimake su, aka tura ta asibitin haihuwa na Buza, shi ma sarwis ɗin noma, wato ofishin aikin gona na can, ya ce ya zo. Har sun ga wani ɗan gida kusa da kasuwa. Munir ya cika mata kunne da yadda zai koya wa mutane haƙa ramukan tare ruwa da ake kira tassa da rabin-wata a kan faƙo, ruwan sama ya daina gudu yana barin ƙasa tsirara.

"Yaushe ka sani?" ta tambaye shi.

Bai ɗago ba. Ya ce Baba ne ya kira shi gaban baffanninsa ya yanke maganar, shi kuwa ba ya iya musu da tsoho a cikin taro.

"Amma ban ce to ba, Nasiba."

"Ba ka ce a'a ba. Tun ana kwaɓa ƙasar ɗakin ga kana kallo, kai ne ma kag gyara masu taga. Ashe kurkukuna kake wa ado."

"Ki rage murya, Inna na ji."

"Ta ji. Kai da kak karanci ƙasa, buhun shinkahwa za ka tai ɗauka? Ni kuma in zauna ina share tsakar gida ina jiran salula ta yi ƙara awa uwata? Jame, har abada, Munir. In ka hau motar ga, ka hau da igiyar aurenka a aljihu."

Ya ce ta ba shi lokaci ya san ta inda zai ɓullo wa tsohon. Ta ce lokacin da ya rage masa bai wuce faɗuwar ruwan farko ba, ta bar shi nan da gerensa.

Maganar kuwa ta shiga kunnuwa. Biba ce ta fara tare ta a bakin randa, ta tambaye ta ko su da suka zauna shekara da shekaru duwatsu ne, ko kuwa diplom ne ke sa mace ta fi sauran mata jin kewa. Nasiba ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga idon Biba ya kawo ruwa, ta haɗiye. Inna Lantana ta daina amsa gaisuwarta da kyau. Shi kuwa maigidan, Baba Ɗantala, a zaure ya yi nasa faɗan, da ƙarfi don na ciki su ji. Ya ce a Adar namiji fita yake ya nemo, ubansa ya fita, shi ya fita, babban ɗansa ya fita. Wanda ya zauna gindin mace yana auna faƙo da igiya, yara ma ba su gaishe shi. Shi da ya ci ƙuruciyarsa kaf a Abijan, ya dawo da furfura da ciwon gwiwa, me ya rage shi da shi?

Ranar kasuwa Nasiba ta ƙulle kayanta ta hau mota zuwa Urno, gidan uwarta Asiya. Tun daga soro take kuka tana zayyana abin da aka yi mata. Asiya ta bar ta ta gama, ta dama mata fura, sannan ta ce ba za ta kwana gidan nan ba.

"Gaskiya na gare ki, ni na hi kowa sani," in ji ta. "Amma in kin yi yaji yanzu, kin ba su abin da suke nema. Za su ce ga irin matar da za ta riƙe masu ɗa. Kin hwaɗi maganarki, sun ji. Koma ki yi shuka da su, ki riƙe bakinki. Tsoho ba shi sauka daga magana don an yi mashi tsawa."

Ta koma, amma zuciyarta tafasa take. Tana tuƙa tuwo da fushi, tana ɗebo ruwa da fushi. Munir in ya yi mata magana, da ka take amsawa. Kullum ta ga hadari ya haɗu a gabas sai gabanta ya faɗi, alhali duk garin roƙon ruwan ake.

Ruwan ya sauka kuwa, mai yawa, har kwazazzabai suka kawo. Da asuba gari ya tashi kamar an kaɗa ganga. Baba Ɗantala ya riga kowa fitowa da sungumi a kafaɗa. Daminar da ta wuce, ta farko bayan dawowarsa, a kwance ya yi ta, don haka bana ya rantse shi zai fara sara a gonar gidansa. Munir ya tafi ɗaura wa jaki amalanke, Inna Lantana na kan damun fura. Ta miƙa wa Nasiba ƙwaryar iri ba tare da ta dube ta ba, ta ce ta bi Baba kafin su iso.

Suka kama hanya, yana gaba yana ɗingishi, tana baya. Nasiba ba ta taɓa taka gonar ba. Da suka kai wani babban gawo, tsohon ya tsaya ya dafa shi kamar ya ga tsohon aboki, ya ce daga nan gonar ubansa ta fara. Ya yi bisimilla ya kai sara. Yana sara yana gaba, tana zuba iri tana rufewa da diddige. Duk da haushinsa da take ji, sai da ta yaba hannunsa, layinsa miƙe kamar an ja zare. Kafin rana ta ɗaga sun ci wuri mai faɗi.

Can sai ga wani dattijo ya iso da iyalinsa, kowa da ƙwarya. Ɗangana ne, maƙwabcinsu, wanda bai taɓa wuce garin Madawa ba a rayuwarsa. Ya tsaya ya dubi layukan, ya dubi Ɗantala, ya tuntsire da dariya.

"Sannu da aiki, Abijan. Gayya ka kawo mani ba ka hwaɗa ba? Da na sa an dama maku hura."

Ɗantala ya ce wace irin magana ce wannan, a gonar ubansa. Ɗangana ya ce gonar uban wani dai. Murya ta fara tashi, masu wucewa suka tsaya, kafin ka ce kwabo an yi da'ira. Ɗantala ya buga gindin sungumi a ƙasa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, yana rantsuwa cewa gawon nan ne iyaka, a inuwarsa aka yi masa askin fari. Wani matashi ya ce a baya, wataƙila a Abijan gawo tafiya yake. Aka yi dariya.

A haka amalanke ya iso. Inna Lantana ta sauko, ta dubi wurin sau ɗaya, fuskarta ta canza. Ba ta so ta yi magana ba, amma mijinta ya juyo ya ce ta faɗa masu gaskiya.

"Malam," ta ce a hankali, "gawon da kake nuhi ya hwaɗi tun shekarar da niy yaye Munir. Wanga na Ɗangana ne, ya girma bayanka. Iyakarmu ga ta can, duwatsun da nij jera da hannuna."

Sungumin ya sulale daga hannun tsohon. Nasiba ta ji magana ta taso mata har bakin leɓe, maganar da ta yi kwanaki tana wasawa: ga abin da fitar ke haifarwa, maigida bai san gonarsa ba. Da ta faɗa, ba mai cewa ta yi ƙarya. Sai ta dubi hannunsa, ta tuna wani hannu da ya taɓa miƙo mata biskit ta guje masa. Ta durƙusa gaban Ɗangana da ƙwaryarta.

"Baba, a yi haƙuri, ni na ja. Baƙuwa ce ni, na riga shi zuba iri nan, shi kuma bai so ya kunyata ni."

Ba wanda ya yarda, don kowa ya san sai an sara ake zuba iri. Amma Ɗangana dattijo ne, ya gane. Ya ce to ai amarya ba ta laifi, Allah ya sa hannunta na da albarka. Ya kori masu kallo, kowa ya kama gabansa.

Ɗantala bai sake ɗaukar sungumi ba ran nan. Ya zauna kan duwatsun iyaka yana kallon matarsa da ɗansa da surukarsa suna shuka. Da la'asar, maimakon a kama hanyar gida, ya ce Lantana ta zagaya da shi gonar. Ta shiga gaba yana biye, tana nuna masa inda ruwa ya taɓa cinye rabi, da inda ta binne duwatsu goye da yaro, da kusurwar da suka yi shari'a da wani a gaban maigari ita kaɗai. Kowanne ta faɗa sai ya tambayi shi yana ina lokacin. Amsar ɗaya ce: Abijan.

Da suka dawo gindin amalanke ya kira Munir.

"Kira wanka ka ce ya ba wani wurin. Tai Buza da matarka." Ya juya ga Nasiba. "Ke kuma, ɗiyata, na ji abin da kic ce, na kuma ji wanda ba ki ce ba."

Nasiba ta rufe fuska da gyale. Kukan da ta yi ran nan ya sha bamban da na Urno. Munir ya matso zai yi magana, ta ce masa ƙasa-ƙasa kada ya ɗauka ya tsira, har yanzu tana jin haushin tagar nan. Inna Lantana ta ji, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce yajin guzurin sai su tafi da shi Buza, ai can ma ana cin tuwo.

Suka tare a ɗan gidan kusa da kasuwa. Duk ƙarshen mako suna Babankatami, a ɗakin nan na ƙarshen layi suke sauka su biyu, Munir na haƙa tassa a gonar gida, tsohon na biye da shi yana gardama. Biba ma ta fara yi wa mijinta maganar dawowa, ba a ɓoye ba.

Da kaka ta yi, wata safiya Nasiba na shirin tafiya asibiti, cikinta ya fara turo riga, sai ga amalanke a ƙofar gida ɗauke da dammunan gero. Ɗangana ne zaune a kai. Ya ce na layukan da amarya ta shuka ne, bai taɓa ganin gero ya yi kai irin wannan ba a gonarsa, kuma shi ba ya cin guminta. A ajiye na kunun suna.

Da Nasiba ta ci gaba da yajinta, ko ta saki maganar da ke bakinta a gaban jama'a, da ta ci gardama ta rasa gida. Gaskiya ko ta fi rana haske, sai an haɗa ta da haƙuri da rufin asirin manya take shiga zuciya. Iyaye kuma su sani, neman abinci ba laifi ba ne, amma gidan da maigida ya zama baƙo a cikinsa, ko rumbunsa ya cika, da sauran yunwa.