Motar Dogo a Bakin Iyaka

"A sauke tamfol ɗin."

Dogo ya leƙo ta tagar tirelar yana murmushi, irin murmushin da ya sa na amince zan aure shi.

"Haba Ofisa ta... yau kuma ni za a yi wa aikin kwastam?"

"Na ce a sauke tamfol ɗin, Malam Direba."

Murmushin ya ɗauke. Ban taɓa kiransa da wannan sunan ba.

Rana ta take, layin manyan motoci ya miƙe a bayan tasa, direbobi sai hon suke yi. Ya ce tayil ya ɗauko wa kawunsa. Amma da motar ta bi ta na'urar haska kaya, sai ga wasu ƙananan kwalaye jere a tsakiyar lodin. Ni ce a kan aiki, ni kuma na gani. Da ma wata ce!

Leburori suka janye tayil ɗin, na yanka kwali ɗaya.

Magunguna ne. Babu lambar rajista a jikinsu, rubutun ma da na goga yatsa sai ya biyo ni. Jabu.

"Innalillahi..." Dogo ya dafe kai. "Wallahi ban sani ba! A ɗaure na tarar da motar. Dube ni, Ofisa. Dube ni mana!"

Na dube shi. Na san idon Dogo in yana ƙarya, don bai iya ta ba.

"Na yarda da kai," na ce a hankali.

"To?"

"To dole in kira Oga."

Oga ya iso, ya duba kwalayen, ya dubi fuskata.

"Kin san direban ne?"

"Shi zan aura, ranka ya daɗe."

Ya ce in koma ofis, wani zai ci gaba da binciken. Ina ji aka karɓi makullin motar. Ban waiwaya ba.

Ko zama ban yi ba wayata ta yi ƙara. Kawu ne, ƙanen Innar Dogo, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa.

"'Yata, me nake ji haka? Ai da ke muka dogara."

"Kawu, magani ne na jabu. Mutane za su sha."

"Ke ce likitarsu? Saurara. Uwarsa ba ta son mace mai kaki, ni na lallashe ta har ta yarda da ke. Kina tsammanin don kyanki na yi?"

Na kashe wayar.

Ashe ƙofa ya nema wa kayansa, ba mata ya nema wa ɗansa ba.

Washegari da hantsi Inna ta faɗo gidanmu ko sallama babu, Gimbiya 'yar Kawu tana biye da ita. Gimbiyar da tun tana makaranta take cewa Dogo nata ne.

"Ina mara mutuncin?" Inna ta ɗaga murya. "Ɗana guda ɗaya kika rufe! Tun ba ki shigo ba kin fara da shi, in kin shigo ni za ki ɗaure ke nan?"

Na durƙusa. "Inna, ki yi haƙuri, aikina ne..."

"To ki auri aikin!"

Gimbiya ta taɓe baki. "Ni fa na ji an ce ƙarin girma za a ba ta. Kamu babba ta yi ai."

Bayan sun fita Mama ta fashe da kuka, ta ce in ajiye aikin nan tun bai raba ni da kowa ba. Baba ya gama sa takalminsa, ya dube ni.

"Kin ƙara masa abin da bai ɗauko ba?"

"A'a, Baba."

"To share hawayenki ki tafi aiki."

Na tafi, amma gangar jikina ce kawai a wurin. Duk tirelar da ta tsaya sai gabana ya faɗi. In na zuba abinci sai in tashi in bar shi. In ɗauki waya, in ajiye, in sake ɗauka. Na nemi izini na je inda ake tsare da shi, mai gadi ya shiga ya dawo yana sunkuyar da kai.

"Ya ce a ce miki yana taya ki murnar ƙarin girma."

Gimbiya ta riga ni zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai, abokin aikina ya gaya mini Dogo ya ƙi faɗin mai kayan. Kawu ya rantse bai san da kwalayen ba, ya ce direba ne ya ƙara lodi a hanya. Shi kuma Dogo ya ƙi ƙaryata shi. Mutumin da ya ciyar da shi, ya saya masa mota, ba zai iya nuna shi da yatsa ba. Gidan yari ke jiransa, ni kuma doka ta hana ni sa baki.

Ina bakin shinge wata safiya Yaya, babbar yayar Dogo, ta kira ni tana haki.

"Zo asibiti yanzu. Inna ta faɗi."

Na tarar da ita kwance, an sa mata ruwa, bakinta ya ɗan karkace. Yaya ta ja ni gefe. Jinin Inna ne ya hau, alhali ba ta taɓa fashin maganinta ba. Likita ya ce a kawo maganin ya gani. Da ya murƙushe ƙwaya ɗaya, sai gari kawai, kamar alli.

"Kawu ke kawo mata," in ji Yaya. "Wai nasa ya fi na kemis kyau."

Inna ta buɗe ido ta gan ni cikin kaki. Na yi niyyar fita, sai ta motsa hannu.

"Zo nan..." Muryarta da ƙyar take fita. "Ƙanena... uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ya ba wa jabu."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne, na sa gefen mayafinta na share.

"Kwali nawa kika tare?"

"Da yawa, Inna."

"Da tuni duk suna cikin cikin mutane." Ta juya wajen Yaya. "Ke babba, je ki gaya wa yaron nan in bai buɗe baki ba ban yafe masa ba."

A wannan ranar Dogo ya yi magana. Ya faɗi inda aka yi lodi da waɗanda suka yi. Aka je sito aka tarar da ninkin abin da ke motar, aka kama Kawu. Gimbiya ta daina ɗaga wayar kowa.

Aka saki Dogo, amma motar ta zauna a hannun hukuma sai an gama shari'a.

Bai kira ni ba.

Na ce yau, na ce gobe. Har na fara gaya wa kaina shi ke nan, wanda ka sa aka rufe ba ya dawowa ya ce yana sonka.

Ran nan na tashi daga aiki da la'asar, na fito ta ƙaramar ƙofa, sai ga shi jingine da katanga. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ofisa."

Na tsaya cak.

"Kullum sai na zo nan in koma," ya ce. "Kunya ta hana ni ƙarasowa. Na yarda da maganar Gimbiya a kanki. Ke kuwa a gaban kowa kika ce ni za ki aura, ina tsaye ana shirin tafiya da ni."

"Ka san yadda na yi kwanakin nan kuwa?" Muryata ta karye. "Ko gaisuwa, Dogo! Ko ka kira ka zage ni!"

"Ki yafe mini, masoyiyata. Yanzu ba ni da mota, ba ni da Kawu. Wani kamfani ya ce zai ɗauke ni direba, shi ke nan abin da nake da shi."

Na share fuskata da bayan hannu.

"Akwai abin da nake so ka sani tun yanzu. In aka sake, ko da 'ya'yanmu a tsakani, zan sake kiran Oga."

"Na sani," ya ce. "Uwata tana numfashi, Ofisa. Wasu iyayen ma haka. Ki kira shi."

Sai a lokacin kukan da na daɗe ina dannewa ya ƙwace mini, a bakin titi, cikin kaki, masu wucewa suna kallo. Dogo ya rikice, ya rasa ta inda zai fara lallashi.

An ɗaura aurenmu bayan an sallami Inna. Da sandarta ta zo, tana jan ƙafa, ta ƙi yarda kowa ya riƙe ta sai ni. Wata maƙwabciya ta matso tana raɗa mata, wai ba wannan ce ta rufe miki ɗa ba?

Inna ta ƙara damƙe hannuna.

"Ita ce," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Matsa ki ba 'yata hanya."