Alƙalamin Roba da Tawadar Goggo

"Wannan ne?"

Na'ima ta juya alƙalamin a tafin hannunta, ta sake juya shi, ko Allah zai sa ta ga wani abin da ya ɓuya. Babu. Roba ce shuɗiya, sakayau kamar sillen kara.

"Shi ne, Gimbiya," in ji Sabi'u, yana tsaye a ƙofar zaure yana murmushi kamar wanda ya kawo saniya.

"Malam... har Kano fa ka je."

"Har Kano."

"Ka ɓata yini guda, ka dawo da wannan?"

"Guda goma sha ɗaya na gwada kafin na..."

"Ka ga wanda Badaru ya aiko kuwa? Ruwan zinare, cikin akwati mai shimfiɗa. Tun jiya Goggo ke yawo da shi ɗaki-ɗaki kamar jariri."

"Ranki ya daɗe, ki bari in yi miki bayani."

"Ni za ka yi wa bayani? Ni na gamsu da kai tun bara. Baba ne bai gamsu ba, kuma ka san shi."

Ta juya fuu ta shige gida.

"Na'ima, tsaya... tawadar..."

Ina, ta yi nisa. Haka ya tsaya da hannu ɗaya cikin aljihu, riƙe da 'yar kwalbar da bai samu damar miƙawa ba.

Duk wanda ya san Malam Barau, mahaifin Na'ima, zai gane dalilin wannan fushi. Tsohon hedimasta ne a Rogo Sabon Gari, kuma tun da ya fara aiki bai taɓa rubutu da biro ba. Cewa yake biro ne ya lalata hannun yaran ƙasar nan. Alƙalaminsa mai shan tawada ya shekara talatin da ɗaya a aljihun gaban rigarsa, da shi yake rubuta abin da ya faru kullum a littafinsa, har ruwan sama da haihuwar akuya. Mako biyu da suka wuce ya faɗo a kan siminti, bakin ya tsage.

Daga ranar rubutu ya tsaya a gidan, har da wasiƙar da Na'ima ke jira kamar ta mutu.

Waliyyinta shi ne Baffa Abdullahi, yayan Baba, da ke Karaye. Shi zai karɓi magabatan duk wanda Baba ya rubuta masa sunansa. Baba yana da waya, amma ya ce maganar aure ba a yin ta da abin da caji ke ƙare masa.

"Zaɓi naki ne, Uwata," ya ce mata tun farko. "Ba zan ba ki wanda ba kya so ba. Amma yaran yanzu ba su da lura, kuma ba na ba da 'yata ga marar lura. In ban gamsu da malamin nan ba, zan ce ya daina zuwa."

Goggo Yelwa, ƙanwar Baba da ke zaune a gidan, ita wannan magana ta yi wa daɗi. Badaru, wanda shi ma yake neman Na'ima, ɗan ƙanin mijinta marigayi ne, yana da shagunan hatsi a kasuwar Rogo, kuma a ganinta malamin firamare ba ya ja da mai shago. Ita ta tsegunta masa zancen alƙalamin tun kafin a share gutsuttsarinsa.

Na'ima ta zauna a bakin gado tana kallon abin da Sabi'u ya kawo, zuciyarta na tafasa. Can kuma sai tausayinsa ya kama ta, don haka take, fushinta ba ya kai minti goma. Ta buɗe murfin, ta ja layi a bayan wani littafi. Ko alama.

"Ko tawada ma bai zuba ba," ta ce a ranta. "To ni zan rufa masa asiri."

Kwalbar tawadar Baba ta riga ta ƙare. Amma Goggo tana koya wa matan unguwa karatu da hantsi, tana da kurtunta cike da tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, baƙa wuluk.

"Goggo, ɗan ara min kurtunki."

"Me za ki yi da shi?"

"Alƙalamin da Malam Sabi'u ya kawo wa Baba zan zuba wa."

Goggo ta dube ta, ta dubi alƙalamin. Ko ta san abin da ƙaro ke yi wa irin wannan alƙalami, ko ba ta sani ba, Allah masani. Abin da aka sani dai, ba a taɓa ganin ta ba da kurtun nan da sauri irin na ranar ba.

"Ɗauki, 'yar nan. Ki cika shi fal."

Na'ima ta sha ganin yadda Baba ke yi. Ta kwance shi, ta tsoma bakin, ta murɗa 'yar robar ciki har ta zuƙe. Ta gwada, sai ga rubutu baƙi, kyakkyawa. Ta rubuta Sabi'u sau uku, ta yi dariya ita kaɗai, ta yage takardar, sannan ta kai alƙalamin kan teburin Baba kusa da akwatin Badaru.

Baba ya tafi ta'aziyya Rogo Ruma, bai dawo ba sai yammacin Alhamis. Kwana biyu alƙalamin nan yana kwance, ƙaro yana aikinsa.

Ranar Juma'a da hantsi Baba ya sa aka fito masa da tebur gindin darbejiya. Motar Karaye za ta tashi bayan an sauko daga masallaci, ya ce yau wasiƙar za ta bi ta. Goggo ta jawo tabarma kusa, wai tana tsince shinkafa. Na'ima ta maƙale a ƙofar kicin.

Baba ya ɗauki na roba tukuna. Ya auna shi a hannu, ya ɗan ɗaga gira. Ya yi bismilla, ya ɗora a kan takarda.

Shiru.

Ya girgiza shi. Ya sake ja. Takardar ce ma ta kusa yagewa.

"Ai ni na faɗa, Yaya," in ji Goggo ba tare da ta ɗago ba. "Araha ba ta ado."

Baba ya ɗaga alƙalamin daga takardar. Ya ajiye shi can gefen tebur, yadda yake ajiye littafin ɗalibin da ya faɗi jarrabawa.

"Mutum ya kawo kyauta bai gwada ba," ya ce a hankali. "Abin da nake gudu ke nan."

Ya buɗe akwatin Badaru. Wannan kam da tawadarsa ya zo, ya yi rubutu, ba ƙarya, faffaɗa kuma jiƙaƙƙe, har yana fitowa ta bayan takardar. Baba ya rubuta gaisuwa, ya rubuta layi uku, sai ya ajiye ya shiga murza babban yatsansa.

Na'ima ba ta iya ganin abin da ya rubuta ba. Ta dai san layi na gaba shi ne rayuwarta. Ta san kuma Baba ba abin da ya tsana kamar garaje, amma tsoron rasa Sabi'u ya fi tsoron faɗansa. Ta fito ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba... ba laifinsa ba ne."

"Na wa ne?"

"Nawa ne. Babu komai a ciki ya kawo shi. Ni na zuba tawada."

"Wace tawada? Tawa ta ƙare."

"Ta... ta Goggo."

Baba ya ɗauko alƙalamin, ya kai bakinsa hanci, ya shinshina. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sai kafaɗarsa ta fara motsi, can dariya ta ƙwace masa har da tari.

"Ƙaro," ya ce yana share ido. "'Yar hedimasta ta ɗura wa alƙalami ƙaro. Garin neman gira kin kusa rasa ido, Uwata."

"Ni fa aro aka ce in bayar, na bayar," in ji Goggo, ta ƙara duƙufa kan shinkafarta.

"Kira min shi," Baba ya ce wa Na'ima. "Wannan kam ana iya yin ta a waya."

Ba a yi rabin awa ba ɗan acaba ya sauke Sabi'u, da alli a hannun rigarsa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba. An dawo lafiya? Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam Sabi'u. Ya yaran?"

"Suna nan lafiya, Baba."

"To madalla. Ga kyautarka ta ƙi magana."

Sabi'u ya karɓa, ya kwance, ya ga baƙin da ya daskare. Ya saci kallon Na'ima, ta sunkuyar da kai kamar ta nutse. Ya ciro 'yar kwalba daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Laifina ne, Baba. Na ba da alƙalami na tafi da tawadarsa."

"Haka aka yi?" Baba ya tambaya yana kallon su duka biyun.

"Haka za a rubuta, Baba."

Baba ya danne murmushi.

"Zai tashi kuwa?"

"In sha Allahu. A taimaka min da ruwan ɗumi a kofi, kada ya yi zafi."

Na'ima ta kawo da gudu, har tana tuntuɓe. Ya zare bakin a hankali, ya jiƙa, ya yi ta zuƙo ruwa yana fesarwa. Ruwan ya yi baƙi, aka canza. Ya sake yin baƙi, aka sake canzawa. Sau biyar. Ko sau ɗaya bai yi tsaki ba, Baba kuwa bai ɗauke ido daga hannunsa ba.

"Me ya sa wannan ka zaɓa? Na tabbata akwai waɗanda suka fi shi kyau."

"Akwai, Baba. Amma ranar da na zo gaisuwar Sallah na ga kana shafa wa babban yatsanka man zafi. Sai na ce mai nauyi ba zai yi ba."

Baba ya daina murza yatsan.

"Sai me?"

"Na ga a littafin 'yan makaranta kake rubutu, takardarsa ba ta da kauri. Mai faffaɗan baki zai riƙa ɓulla ta baya. Shi ya sa na tafi da irin littafin, na gwada su a kai, na ɗauki mai siririn baki."

"Sai me?"

"Wasu ba sa shan ta kwalba, sai wasu 'yan robobi da ake sakawa in sun ƙare a yar. Ba a samun su a Rogo, sai Kano. Wannan kuwa daga kwalba yake sha, irin naka na da. Kuma in ya faɗi ya fashe, Baba, ina iya sayo maka wani ba tare da na ji a jikina ba. Ban so in kawo abin da ba zan iya maimaitawa ba."

Bayanin da Na'ima ta ƙi tsayawa ta ji a zaure ke nan, kunya da so suka taru suka rufe ta.

Sabi'u ya goge alƙalamin, ya zuƙo shuɗiyar tawada, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya ja layi a gefen takarda. Ya sake jan wani. Ya rubuta sunansa da wannan lanƙwasa da duk wanda ya yi firamare a Sabon Gari ya sani.

"Yelwa," ya ce, "ki mayar wa Badaru nasa da godiya. Alƙalami ne mai kyau, amma na sa hannu ne sau ɗaya a shekara. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Goggo ta ɗauki farantinta ta miƙe.

"To, Allah ya sa alheri. Ni dai a dawo min da kurtuna."

Baba ya jawo wasiƙar da ya fara, bai canza takarda ba. Ya yi rubutu har ƙasan shafi bai tsaya murza yatsa ba. Ya ninke, ya miƙa wa Sabi'u.

"Ba sai an ba direba ba. In an sauko masallaci ka hau motar Karaye, ka kai wa Baffanta hannu da hannu. Gara ya ga fuskarka."

A zaure Na'ima ta tare shi, tana wasa da bakin mayafinta.

"Malamina... ka yafe min."

"Me aka yi, Gimbiya?"

"Na raina alƙalaminka."

"Ai shi bai ji ba, kunnensa ya toshe da ƙaro."

Ta kai masa duka da gefen mayafi, tana dariya tana hawaye.

"Wallahi in ka faɗa wa wani..."

"Wa zan faɗa wa? 'Ya'yanmu kaɗai."

Bayan kaka, da aka gama cire gyaɗa, aka ɗaura aure a Karaye. Goggo Yelwa ce ta fi kowa rangaɗa guɗa, tana gaya wa duk wanda ya zauna kusa da ita cewa ba don tawadarta ba da ba a gane halin yaron nan ba.

Ranar da za a kai amarya, Baffa Abdullahi ya kira ta ya sa mata wata ninkakkiyar takarda a hannu, ya ce ta ajiye. Sai da ta zauna a ɗakinta ta buɗe.

Layuka huɗu na sama faffaɗa ne, baƙaƙe, sun ɓulla ta baya. Sun tsaya a kan: "Game da yaron da ke neman Na'ima, na duba na ga..."

Daga nan rubutun ya koma siriri, shuɗi.

"...yana da lura. Ya ga ciwon da ke yatsana, wanda 'ya'yan cikina ba su gani ba. Sunansa Sabi'u. A ba shi."